Zato, tsammani, zargi da tuhuma: wace kalma ce ta dace da wanda ke gaban alƙali?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, kuma labaran kotu ne suka fi zuwa teburina. Akwai wata ƙa'ida da lauyoyi ke yawan ambata, wadda a Turance suke ce wa presumption of innocence. Abokan aikina sun saba cewa "zaton rashin laifi", wasu kuma su ce "ana tsammanin ba shi da laifi". Duk biyun ba su kwanta mini ba. In na ce ana zaton mutum ba shi da laifi, mai sauraro zai ji kamar alƙali ne ya dubi fuskarsa ya ga alamar kirki. In na ce tsammani, sai ya zama kamar ana jiran wani abu ya faru. Don Allah a warware mini bambancin zato da tsammani da ɗauka, a kuma nuna mini inda zargi da tuhuma suka shigo. Abin da muka karanta da safe shi mutane ke maimaitawa a majalisa da yamma, shi ya sa abin yake damuna.

Tsohon Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kunnenki bai yaudare ki ba.

Zato da tsammani maƙwabta ne, har mukan jera su mu ce abu ya faru ba zato ba tsammani. Akwai wuraren da ɗaya zai iya zama a kujerar ɗaya, kamar "ina zaton ya tafi" da "ina tsammanin ya tafi". Amma kowanne yana da gidansa. Tsammani ya fi duban gaba, kuma akwai sa rai a cikinsa. Mace takan ce tana tsammanin baƙi gobe, manomi yana tsammanin ruwa, wanda ya gaji da jira kuma ya fid da tsammani. Ba ki taɓa jin an ce wani ya fid da zato ba. Karin maganar nan ma ta nuna haka: tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Malamin nan jira yake yi a kawo masa.

Shi kuwa zato hukunci ne da zuciya ke yankewa a kan abin da ya ɓoyu gare ta, ba tare da hujja ta cika ba. Shi ya sa ake kyautata shi, ake kuma munana shi. Akwai kyakkyawan zato, akwai mummunan zato, amma babu mai cewa "ka munana mini tsammani".

Ɗauka ita ce ya kamata ki tsaya a kanta, domin fuska biyu gare ta. "Na ɗauka ka tafi" daidai take da "na zaci ka tafi". Amma idan dattijo ya ce da maraya "na ɗauke ka ɗa", ba kuskuren gani ya yi ba. Ya san ba shi ya haife shi ba. Matsayi ya ba shi, kuma zai yi masa duk abin da ake yi wa ɗa. Wannan fuska ta biyun nake jin lauyoyi suke nufi, amma bari masu abin su zo.

Barista:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ka sauƙaƙa mini aiki. Fuska ta biyun ce.

Sashe na 36(5) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa duk wanda aka gurfanar bisa laifi za a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Wannan ba bayanin abin da ke zuciyar alƙali ba ne. Alƙali mutum ne, yana iya ganin wanda aka kawo gabansa ransa ya ba shi cewa lallai ya aikata. Doka ba ta tambaye shi abin da ransa ya ba shi ba. Umarni take ba shi: ka fara daga nan, kuma ba za ka gusa ba sai hujja ta gusar da kai.

Abin da hakan ke haifarwa a aikace shi ne nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara. Wanda ake tuhuma ba sai ya wanke kansa ba, yana da ikon ya yi shiru ma. Kuma hujjar da ake buƙata a shari'ar laifi ba irin ta rikicin bashi ko gona ba ce. A rikicin bashi, wanda maganarsa ta fi rinjaye shi ke da nasara. A shari'ar laifi kuwa, sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 ya ce sai an tabbatar da laifin ta yadda babu sauran shakka mai ma'ana.

Don haka, ƙanwata, idan kika ce "zaton rashin laifi" kin mayar da haƙƙi ya koma alfarma. Zato kowa na iya sauya shi kafin la'asar. Ni abin da nake faɗa wa mutanen da nake wakilta shi ne: a idon doka ba ka da laifi har sai kotu ta same ka da shi.

Malamin Zaure:
Madalla da wannan bayani. Sai dai ina so in tuna wa 'yan uwa cewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma malamanmu suna da kalmarsa tun da daɗewa: asali. A fiƙihu ana cewa al'aslu bara'atuz zimma, wato asalin mutum wuyansa a sake yake, babu haƙƙin kowa a kansa. Wanda ya ce akwai, shi zai kawo shaida. Hadisi ya zo cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. A riwayar Bukhari da Muslim daga Ibn Abbas, Annabi (SAW) ya nuna cewa da za a ba mutane abu saboda da'awarsu kawai, da wasu sun yi da'awar jinin mutane da dukiyoyinsu.

Malaman usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, sun jera matakan sani guda huɗu. Yaƙini shi ne wanda babu kokwanto a cikinsa. Zanni shi ne ɓangaren da ya rinjaya. Shakka ita ce ɓangarori biyu su yi kunnen doki. Wahami kuma shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Rashin laifin mutum ba ya cikin zanni. Yana tsaye ne a kan abin da aka sani da yaƙini, cewa an haife shi bai ci haƙƙin kowa ba, kuma ƙa'ida ta ce shakka ba ta gusar da yaƙini. Wannan ci gaba da riƙe hukuncin da aka sani har sai an ga abin da ya canza shi, shi ake kira istis'habi.

Saboda haka da ni ne a gaban makirufo, cewa zan yi: asali ba shi da laifi, sai an tabbatar. Tsohuwa a ƙauye za ta gane wannan.

Ɗan Kwari:
Allah gafarta Malam, Barista, ku yi haƙuri zan shigo da ƙafar hagu. Mu da muke kasuwa abin ba haka yake ba. An fasa shago da daddare, an kwashe diloli na shadda. Bayan kwana biyu sai ga yadin a hannun wani yaro yana sayarwa rabin kuɗi a bayan layi. Sai ku ce in ɗauke shi marar laifi? Ruwa fa ba ya tsami banza. In ban zarge shi ba, wa zan zarga? Wallahi irin wannan maganar ce take sa ɓarayi suke mana dariya, a kama su yau gobe ka gan su suna yawo an ce beli.

Barista:
Alhaji, ba ka shigo da ƙafar hagu ba, tambayarka tana kan hanya, kuma doka ta riga ta yi tunaninta. Sashe na 167 na dokar shaida ya ba kotu damar ta ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko dai shi ne ɓarawon ko kuma ya karɓa yana sane, sai fa in ya yi bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Ka ga nan ma ɗauka ce, amma wadda hujja ta haifar: ga kayan, ga kusancin lokaci. Kuma ƙofa a buɗe take ya kawo wanda ya sayar masa ko rasiɗinsa.

Irin waɗannan ɗauke-ɗauken suna da yawa a doka, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ake iya rushewa da hujja, kamar wannan. Akwai wadda ba ta rusuwa ko da me aka kawo: a dokar Final Kod ta Arewa, abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, ko da mutum ɗari sun gan shi.

Maganar beli kuma, ba sallama ba ce. Ma'anarsa shari'a tana nan, amma mutum zai riƙa zuwa daga gida. Dalilin da ya sa aka yarda da shi shi ne wannan ƙa'idar da muke magana a kai. In ka tsare mutum shekara uku kafin hukunci, daga baya aka gano ba shi ba ne, wa zai biya shi shekarunsa? A gidajen gyaran hali na Najeriya, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu.

Ɗan Kwari:
Na ji wannan. Amma ni ba alƙali ba ne, Barista. Dokar ta ɗaure alƙali, ni ba ta ɗaure zuciyata ba. Yaron da na samu da kayana ba zan sake bari ya zauna a bakin shagona ba, ko kotu ta sake shi.

Malamin Zaure:
Alhaji, a nan kana da gaskiya, kuma babu wanda ya ce ka ba shi makullin shago. Taka-tsantsan daban, munana zato daban. Ayar Suratul Hujurati ba ta ce a nisanci dukkan zato ba. Cewa ta yi a nisanci da yawa daga zato, domin sashen zato zunubi ne. Malamai suka ce wanda ake zargin mutum a kansa shi ne zaton da babu wata alama da ta tayar da shi, sannan mutum ya zaunar da shi a ransa ya gina magana ko aiki a kai. Dubi abin da ya biyo baya a ayar: kada ku yi bincike a kan asirin juna, kada sashenku ya yi gulmar sashe. Jerin ba banza ba ne. Zato ke haifar da leƙe, leƙe ya haifi gulma.

Ka kiyaye dukiyarka, wannan haƙƙinka ne. Abin da ba haƙƙinka ba shi ne ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka ɗaga murya ka ce ɓarawo.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga dattawan zaure. Wanga zance na ƙarshe na Malam shi ya sa na kasa yin shiru. Kalma guda ta "ɓarawo" in an kwarma ta cikin taro, ba a sake jin bayanin kowa. Ku tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo cikin watan Maris na 2025. Mafarauta 16 'yan Arewa, suna kan hanyar komawa gida yin Salla, an tare motarsu, an ga bindigogin farauta, anka ce masu garkuwa da mutane ne, anka kashe su. Ba kotu, ba tambaya. Kuma kada mu ce mu kaɗai aka yi wa. A 2012 ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal haka anka kashe su a Aluu bisa cewa sun yi sata. Mu ma a garuruwanmu an yi irin haka ga baƙo da mahaukaci da wanda ba ya jin harshen wurin.

Mu nan Nijar shari'armu ta gwamnati daga Faransa munka gado ta, su kuma sun rubuta wagga ƙa'ida tun 1789, a saɗara ta 9 ta sanarwarsu ta haƙƙin ɗan Adam. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a saɗara ta 11 ta sanarwar 1948. Takarda dai ba ta rasa ba. Abin da ya rage shi ne ta shiga bakin mutane da harshen da suke mafarki da shi. Shi ya sa nake ganin tambayar ƙanwarmu ba ƙarama ba ce.

Mai Fassara:
Na gode, Yaya. To ga wata matsalar da ta fi wannan yawan zuwa mini. Kullum muna cewa "wanda ake zargi". Amma na lura idan na karanta "an kama wasu mutum biyar da ake zargi da fashi", abin da ke isa kunnen mutane shi ne an kama 'yan fashi biyar. Kalmar "zargi" kamar ba ta kare kowa.

Tsohon Malamin Hausa:
Ba za ta kare ba, 'yata, domin ita kanta ba tsaka-tsaki take ba. A Hausar gida zargi ɗora laifi ne. "Kada ka zarge ni" na nufin kada ka ga laifina. "Ya zama abin zargi" na nufin ya yi abin da za a yi tir da shi. Wanda ya zargi kansa kuwa ya san abin da ya yi. To kin ga lokacin da 'yan jarida suka ɗauko ta suka ba ta aikin nuna cewa ba a tabbatar ba, sun ɗora mata kayan da ba ta saba ɗauka ba. Tsohuwar ma'anar tana nan a ƙarƙashi tana aiki.

Tuhuma daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin mutane ta fi kama da tsare mutum da tambaya: "me ya sa kake tuhumata?" Ta fi zargi nauyin hukuma.

Sannan akwai waɗanda ke ɗauke da hukuncinsu a ciki. Ƙazafi, sharri, yarfe, ƙage: duk wanda ya yi amfani da ɗayansu ya riga ya ce maganar ƙarya ce. Su ma ki kiyaye su, domin idan kika ce "ƙazafin da aka yi wa wane" kin wanke shi tun kafin alƙali ya zauna. A ɗaya gefen kuma akwai na hasashe zalla, irin su kintace da kirdado da shaci-faɗi, waɗanda ba su da wurin zama a labarin kotu ko kaɗan.

Barista:
Bari in ɗora a kan na Baba da yadda matakan suke a aikace. Mutum yana hannun 'yan sanda ana bincike: wanda ake zargi. An kai shi kotu an karanta masa laifin da ake cewa ya yi, an tambaye shi ya amsa ko ya musa: wanda ake tuhuma. Alƙali ya yanke: wanda aka samu da laifi, ko wanda aka sallama aka wanke. Kafin mataki na uku babu ɗan jaridar da ke da ikon cewa ɓarawo ko ɗan fashi ko makashi.

Kuma maganin raunin kalmar "zargi" shi ne a faɗi mai zargin. Kada ki ce "ana zarginsa". Ki ce "'yan sanda sun ce", "mai gabatar da ƙara ya shaida wa kotu cewa", sannan ki kawo abin da shi ko lauyansa ya faɗa, ko da "ya musa" ne kawai. Wannan "ana" ɗin ita ce ɓarnar. Tana sa maganar mutum ɗaya ta zama kamar ta gari duka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jera mutane a gaban kyamara, an zaunar da su a ƙasa ba riga, an baza makamai a gabansu. Bayan wannan hoton, ko wace kalma kika zaɓa ta makara.

Ɗalibar Jami'a:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar tun farko. Malaminmu na Turanci ya ce kalmar presumption tana da wata ma'ana da ba ta shafi kotu ba, wai idan mutum ya yi abin da bai kai matsayin yi ba, ko ya ɗauka an ba shi izinin da ba a ba shi ba. Baba, wannan kuma me za mu ce da shi? Girman kai?

Tsohon Malamin Hausa:
Ba girman kai ba ne, jikata, ko da yake suna gaisawa. Mai girman kai yana iya zama a kujerarsa bai taɓa kowa ba. Wanda kike nufi sai ya taka inda ba a kira shi ba. In ya shiga maganar da ba tasa ba, shisshigi ne ko katsalandan. In ya riga kowa yin abu tun ba a ba da umarni ba, azarɓaɓi ne. In ya yi a gaban manya ba kunya, tsaurin ido ne. In ya nemi abin da ya san bai cancanta ba kuma ya tsaya a kai, ƙarfin hali ne, irin na ɓarawo da sallama. In an ba shi kaɗan ya zarce, ya wuce gona da iri, ko ya wuce makaɗi da rawa. Bature ya tara su a kalma ɗaya saboda duk ɗaukar abu ne tun kafin a ba ka. Mu mun rarraba, kowanne da girman laifinsa.

Almajiri:
Allah gafarta Malam, ina da ishkali a kan ƙa'idar da ka kawo cewa shakka ba ta gusar da yaƙini. A Ahalari da Ishmawi an karantar da mu cewa shakka a kan hadasi tana warware alwala. Mutum ya tabbata ya yi alwala, yana kokwanton ko ta karye, aka ce ya sake. Ashe nan shakka ba ta gusar da yaƙini ba?

Malamin Zaure:
Allah ya yi maka albarka, tambaya ce ta mai karatu. Haka ne, wannan shi ne mashhurin mazhabar Malikiyya, kuma sauran mazhabobi uku sun tafi a kan cewa alwalarsa tana nan. Amma Malikawa ba su jefar da ƙa'idar ba, wurin da suka aza yaƙinin ne ya bambanta. Suka ce abin da aka tabbatar shi ne salla tana wuyanka, kuma ba za ta sauka da tsarkin da ake kokwanto a kansa ba. Sauran suka ce abin da aka tabbatar shi ne alwalar. Kowa yaƙini ya riƙe. Kuma ko a Malikiyya an cire mai yawan waswasi, shi ba ya sakewa. Haka wanda ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan uku, domin ita ce tabbas, ya ƙaro ɗaya ya yi ba'adiyya.

Wannan ya nuna maka cewa babban aiki a kowace mas'ala shi ne gano mene ne asalin. A shari'ar laifi babu saɓani a kansa: jinin mutum da mutuncinsa da dukiyarsa a kare suke. Dubi yadda Suratun Nur ta yi da wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba: bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. Mai zargin ne ya koma abin hukuntawa.

'Yar Yerwa:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni, zan karkatar da zancen kaɗan, amma tun da aka fara maganar asali nake ta tunanin maƙwabciyata. Mijinta ya fita tun lokacin da rikici ya yi tsanani a 2014, zai je ƙauyensu ya ɗauko mahaifiyarsa, har yau babu labari. Ba gawa, ba wanda ya ce ya gan shi. Tana da 'ya'ya huɗu, wankau take yi tana ciyar da su. Dangin mijin sun ce yana raye tunda ba a ga gawarsa ba, ba za ta yi aure ba, ba za a taɓa gidansa ba. Danginta sun ce ya rasu. Ita kuma in ka tambaye ta sai ta ce ba ta san ko matar aure ce ita ko gwauruwa ba. Kuma irinta suna da yawa a nan, ƙungiyar Red Cross ta yi rajistar mutane sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, yawancinsu daga wannan yanki namu. Malam, Barista, a nan mene ne asalin? Zaton wa za a bi?

Malamin Zaure:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana shi, ya ba ta lada a kan haƙurinta. Hajiya, ba za a bi zaton kowa ba, ba na danginsa ba, ba na danginta ba. Wannan shi ne babin mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san ko yana raye ko ya rasu ba, kuma fiƙihu bai bar mace a rataye ba.

Asali yana raye, domin da rai aka san shi. Amma shari'a ta san riƙe wannan asalin har abada zalunci ne ga matar. A Muwaɗɗa an kawo hukuncin Sayyidina Umar cewa matar da mijinta ya ɓace ta jira shekara 4, sannan ta yi idda wata 4 da kwana 10, sai ta halatta ta yi aure. Risala ta ƙara bayani cewa ana fara lissafin ne daga lokacin da ta kai ƙara aka gama bincike, ba daga ranar da ya fita ba. Wannan shi ne abin da mata da yawa ba su sani ba, suna zaune a gida suna ƙirga shekaru, alhali agogon bai fara tafiya ba tunda ba a je gaban alƙali ba.

Kada kuma wannan ya karya mata gwiwa. Jiran shekara 4 na wadda mijin ya bar mata abin da za ta ci ne. Wadda ba a bar mata komai ba tana da ikon neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa, kuma wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Sannan malamai sun bambanta wanda ya ɓace a zaman lafiya da wanda ya ɓace a fagen yaƙi ko fitina, wa'adin na biyun ya fi gajarta. Alƙali ne zai duba a wane babi mijinta ya faɗa.

Dukiya kuwa hukuncinta daban. Ba a raba gadon mafƙudi sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, wanda mashhuri a mazhaba shi ne shekara 70 daga haihuwarsa, sai dai in alƙali ya yi hukuncin mutuwarsa ta wata hanyar. Amma ana ciyar da matarsa da 'ya'yansa daga dukiyar tun yanzu. Dangi ba su da hurumin hana wannan.

Barista:
A ɓangaren dokar ƙasa, sashe na 164 na dokar shaida ya ce wanda aka shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba daga mutanen da in yana raye su ne za su ji, ana ɗaukarsa ya rasu, sai in wani ya kawo hujjar yana raye. Kin ga nauyin ya juya: yanzu dangin da ke cewa yana raye su ne za su nuna. Wannan zai yi mata amfani idan akwai kuɗinsa a banki ko haƙƙinsa a wurin aiki. Maganar aure da gado kuma, tunda Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ce ke da hurumi.

'Yar Yerwa:
Allah ya saka da alheri. Wallahi ba ta taɓa zuwa kotu ba, tsoro take ji kada a ce ta gaji da mijinta ne. Zan zauna da ita yau da daddare. Me za ta riƙe in za mu je, kuma dole ne sai da lauya?

Barista:
Ba dole ba ne, Hajiya, tana iya shigar da ƙararta da bakinta a wurin rajistara. Ta tafi da waliyyinta, da mutum biyu da suka san auren kuma suka san lokacin da ya fita, da takardar aure in akwai. In sun taɓa kai rahoton ɓatansa wurin 'yan sanda ko mai unguwa ko Red Cross, ta nemo takardar. Kotu za ta kira dangin mijin ta ji ta bakinsu, don haka gara a sanar da babbansu tun kafin sammaci ya same shi. In kuɗin zirga-zirga ya gagara, ku nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa da ke Maiduguri, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ba sa karɓar kuɗi a irin wannan.